Harajin Manyan Kamfanoni da Nauyin da Ke Kan Talaka: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi sun taru ne daga zaman da muke yi da manoma da fataken dabbobi da malaman firamare a ƙauyukan da ke tsakanin Gumel da Maigatari da Ringim, tun lokacin da maganar sababbin dokokin haraji ta cika gidajen rediyo. Na daɗe ina riƙe wa ƙungiyoyin manoma lissafi, saboda haka ni ake tsarewa da tambaya bayan an tashi daga taro. Na rubuta amsoshin yadda nake ba da su, na kuma tsawaita a inda na ga maganar tana buƙatar haka.

Malam, mu da ba mu da kamfani ba mu da albashi, me ya haɗa mu da harajin manyan kamfanoni?

Abin da ya haɗa ku shi ne asusun tarayya. Harajin da kamfanoni suke biya a kan ribarsu yana shiga wannan asusu ne tare da kuɗin man fetur da na kwastan, sannan a zauna a Abuja duk wata a raba. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kuma kashi 20.60. Ke nan duk naira ɗari da wani kamfani ya hana ta shiga asusun, kusan naira 47 daga ciki rabon jihohi da ƙananan hukumomi ne. Ƙananan hukumomi 27 na Jigawa da 44 na Kano, akasarinsu da wannan kaso na wata-wata suke biyan malaman firamare da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, domin abin da suke tarawa da kansu bai taka kara ya karya ba. Mutumin da matarsa ta yi naƙuda cikin damina, aka rasa hanyar da mota za ta bi ta kai ta asibiti, maganar harajin kamfanoni ta shafe shi ko da bai taɓa ganin ƙofar kamfani ba.

Ai tun zamanin Rimi aka soke haraji da jangali. Wane haraji kuma muke biya?

Gaskiya ne, gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta jam'iyyar PRP ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano bayan ta hau mulki a 1979, lokacin Jigawa tana cikin Kano, don sai a 1991 aka cire ta. Dattawanmu ba su manta da abin da aka soke ɗin ba. Suna tuna yadda magidanci yake sayar da akuyarsa ko hatsin da ya ajiye wa iyali a farashin wulaƙanci don mai unguwa ya cika lissafin dagaci, dagaci ya cika na hakimi, da yadda wasu suke barin gari cikin dare saboda kunyar a ɗaure su a gaban 'ya'yansu. Wannan ne ya sa kalmar haraji har yau take da ɗaci a bakin mutanen karkara.

To amma harajin da aka soke shi ne wanda ake zuwa ƙofar gida a karɓa. Wanda ya rage yana cikin farashin kaya. Akwai harajin sayen kaya da ake kira VAT, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairun 2020. Ba a ɗora shi a kan ainihin kayan abinci irin su gero da dawa ba, amma yana kan katin waya da siminti da kwanon rufi da babur. Duk kayan da aka shigo da su daga waje, kuɗin kwastan yana cikin farashin da mai kanti ya gaya muku. Idan aka tura kuɗi ta banki daga naira 10,000 zuwa sama, akwai naira 50 da ake cirewa. Ga kuɗin rumfa da tikitin kasuwa, ga abin da ake karɓa a kan kowace dabba a kara, ga na lodi, ga na shingayen hanya waɗanda da yawansu ba su da rasit. Malamin makaranta kuwa tun albashinsa bai iso hannunsa ba ake zare nasa. Idan bafatake ya zauna ya lissafa abin da ya biya daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis har motar shanunsa ta isa kudu, zai ga an karɓa a hannunsa tun kafin ya san ko tafiyar za ta yi riba ko faɗuwa. Wannan shi ne bambanci na farko tsakaninsa da kamfani, domin shi kamfani a kan ribar da ya bayyana kaɗai ake caje shi harajin riba, bayan ya cire duk abin da ya ce ya kashe.

Mene ne bambancin ƙin biyan haraji da kauce wa haraji?

Ƙin biya shi ne mutum ya ɓoye cinikinsa, ko ya rubuta lissafin ƙarya, ko ya riƙe littafi biyu, ɗaya nasa ɗaya na hukuma. Wannan laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu saboda shi. Kaucewa kuwa ita ce a ɗauki lauyoyi da akantoci su bi dokar layi-layi su nemo kafar da ta bari, sannan a tsara harkokin kamfani ta yadda ribar za ta fice ta wannan kafa ba tare da an karya harafin doka ba. A takarda iyakar a bayyane take, amma a aikace sau da yawa sai an yi shekaru ana shari'a kafin a san ko wani tsari kaucewa ne ko ha'inci.

Ta yaya riba take ɓacewa alhali muna ganin kayan kamfani a kowane kanti?

Babbar hanyar ita ce kamfani ya yi ciniki da kansa. Manyan kamfanonin ƙasa da ƙasa gida ne mai ɗakuna da yawa: uwar kamfani tana wata ƙasa, reshe yana Najeriya, wani reshen kuma yana wata ƙasa ko wani tsibiri inda harajin riba ƙanƙane ne ko ma babu shi, irin su Bamuda da tsibiran Kayman. Sau da yawa wannan reshe na uku ba shi da ma'aikata ba shi da sito, iyakarsa takardar rajista da adireshi.

Ga misali da na ƙirƙira don a gane lissafin. A ce kamfanin sabulu ya yi cinikin naira biliyan 1 a Najeriya cikin shekara. Kayan haɗin da ya shigo da su ainihin kuɗinsu miliyan 600 ne, albashi da wuta da sufuri suka ci miliyan 200, riba ta zama miliyan 200. Harajin babban kamfani kashi 30 cikin ɗari ne, don haka zai biya miliyan 60. To maimakon ya sayi kayan haɗin kai tsaye, sai reshensa na tsibiri ya saya a miliyan 600, ya sayar masa a miliyan 780. Jirgin ruwan bai bi ta tsibirin ba, takarda ce kawai ta bi. Yanzu ribar da ta bayyana a Najeriya ta koma miliyan 20, haraji ya koma miliyan 6, sauran miliyan 180 kuma suna can inda ba mai taɓa su, kuma duk aljihu ɗaya ne. Ana yin irin wannan ta ɗaya ɓangaren idan kaya za a fitar. Riɗi ko zoɓorodon da aka saya a hannun manomanmu, aka tara a Dawanau, za a iya rubuta masa farashi ƙasa da wanda mai saye na ƙarshe ya biya, sai bambancin ya tsaya a waje.

Hanya ta biyu bashi ne. Reshen tsibiri ya ranta wa reshen Najeriya kuɗi da ruwa mai yawa, kuɗin ruwan kuma a cire shi daga riba kafin a lissafa haraji. Ta uku ita ce kuɗin suna da kuɗin shawara, inda za a ce sunan kayan da tambarinsa mallakar wani reshe ne a waje, dole a biya shi ladan amfani da su duk shekara, ko a ce wasu ƙwararru a can sun ba da shawarar gudanarwa ta miliyoyi. Farashin buhun masara kowa ya san shi a kasuwa, amma farashin suna ko shawara ba shi da kasuwar da za a je a tambaya, shi ya sa wannan hanya ta fi wahalar kamawa.

Wannan zargi ne kawai, ko an taɓa tabbatar da shi?

An tabbatar, kuma a ƙasashen da suka fi mu ƙarfin bincike. A 2016 hukumar Tarayyar Turai ta yanke cewa ƙasar Ailan ta yi wa kamfanin Apple rangwamen da ya saɓa wa dokar tarayyar, ta umarci a karɓo kimanin Yuro biliyan 13. Binciken ya nuna cewa a 2014 harajin da wani babban reshen kamfanin ya biya a kan ribarsa ya sauka har zuwa kashi 0.005 cikin ɗari, wato Yuro 50 a kan kowane miliyan ɗaya. An yi ta ɗaukaka ƙara har watan Satumban 2024, lokacin da babbar kotun tarayyar ta tabbatar da hukuncin. Shekara takwas ke nan, a hannun hukumar da ke da lauyoyi da kuɗi. A 2016 ɗin ne kuma takardun Panama suka fito, kimanin miliyan 11.5 daga ofishin lauyoyi ɗaya, suka nuna yadda ake buɗe kamfanonin takarda don ɓoye masu dukiya.

A nahiyarmu, kwamitin da tsohon shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki ya jagoranta ya ba da rahoto a 2015 cewa Afirka tana asarar fiye da dala biliyan 50 a kowace shekara ta hanyar kuɗin da ke sulalewa waje ba bisa ƙa'ida ba, kuma mafi yawansu ta harkokin kasuwanci na manyan kamfanoni suke fita, sun fi waɗanda ke fita ta cin hanci. A 2020 hukumar ciniki da raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta asarar a dala biliyan 88.6 a shekara.

Idan doka ba ta hana ba, ina laifinsu? Ai kowa yana son ya rage abin da zai biya.

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin amsarta tana cikin abin da muka riga muka sani. A babin zakka akwai hadisi ingantacce da ya hana a haɗa garken da yake rabe ko a raba wanda yake haɗe don gudun zakka. Mutum uku kowanne da tumaki arba'in, kowanne tunkiya ɗaya ce a kansa. Idan suka ji mai karɓa yana tafe suka haɗa garken ya zama ɗari da ashirin, tunkiya ɗaya tal za su bayar maimakon uku. Ba su ɓoye ko tunkiya ɗaya ba, ba su yi ƙarya a ƙidaya ba, amma shari'a ta hana, saboda haɗawar ba don kiwo aka yi ta ba, an yi ta ne don haƙƙin miskini ya ragu. Ban ce haraji zakka ba ne, hukuncinsu daban, kuma wannan fagen malamai ne. Abin da nake nunawa shi ne mun daɗe da sanin cewa ana iya cika zahirin doka a tauye manufarta, kuma ba mu taɓa kiran hakan wayo mai kyau ba.

Sai kuma maganar wanda yake da ikon kaucewa. A zamanin jangali, makiyayin da ya kora shanunsa daji ko ya tsallaka da su iyaka lokacin ƙidaya, idan aka kama shi tara ce da wulaƙanci. Yau ana tsallaka iyaka da ribar biliyoyi ta hanyar takarda, doka kuma ta rasa abin kamawa. Malamin firamare ba shi da reshe a tsibiri, mai shayi ba shi da lauya, mai sayen katin waya ba a tambayarsa ko ya yarda. Dokar da ta bar ƙofar da mai ƙarfi kaɗai yake iya bi, ta kulle wa mai rauni, ba ta yi adalci ba ko da an rubuta ta da kyau. Kamfanin da tirelolinsa suke bin titin da aka yi da kuɗin jama'a, yake ɗaukar ma'aikatan da makarantun gwamnati suka koyar, yake kai ƙara kotun da jama'a suke biyan alƙalanta, ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Amma kamfanoni suna ba da aikin yi, suna haƙa rijiyar burtsatse, suna gina azuzuwa. Wannan bai wadatar ba?

Aikin yi alheri ne, kuma ba na cikin masu ganin duk mai kamfani azzalumi ne. Akwai kamfanoni da yawa, na gida da na waje, da suke biyan abin da ke kansu, kuma su ne na farko da kaucewar wasu take cutarwa, domin mai injin casar shinkafa a Hadeja ko Kura da ke biyan harajinsa cikakke ba zai iya gogayya da wanda ya fitar da ribarsa waje ba. Amma rijiya kyauta ce, mai ita ne yake zaɓen inda zai haƙa da ranar da zai daina. Haraji haƙƙi ne da ba ya jiran ganin dama. Haka kuma idan kamfani ya buga a jarida cewa ya zuba biliyoyi a baitulmali, yana da kyau a tambaya nawa ne daga ribarsa, domin harajin VAT da ya miƙa ku kuka biya shi a kanti, harajin albashi kuma na ma'aikatansa ne, shi ɗan aike ne kawai a cikinsu.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani kaso babba na abin da ba ya shiga asusu gwamnati ce da kanta take yafe shi. A ƙarƙashin dokar 1971 an daɗe ana ba kamfanonin da aka ɗauka a matsayin masu share fagen sabuwar sana'a hutun haraji na shekara uku, ana iya ƙara musu har biyu, kafin dokokin haraji na 2025 su sauya tsarin. Manufar tana da kyau, amma duk rangwamen da aka yi ba tare da an bayyana wa jama'a wanda aka yi wa da abin da ya kawo a madadinsa ba, kuɗin jama'a ne aka bayar a ɓoye.

Idan aka matsa musu, ba za su ƙara mana farashi ba, ko su bar ƙasar?

Wani ɓangare na kowane haraji yana iya komawa kan mai saye, ba zan musa ba. Amma harajin riba ya fi harajin sayen kaya wahalar juyawa kan talaka, domin shi VAT kai tsaye a kan farashi yake sauka. Maganar barin ƙasa kuwa, abin da masu masana'antu suka fi kuka da shi shi ne rashin wuta da tsadar dala da rashin tsaro da yawan masu karɓar kuɗi barkatai. Wanda ya zo don riɗinmu ko don miliyoyin masu sayen katin waya, a nan abin da ya kawo shi yake.

Me gwamnati ta yi a kai?

An yi abubuwa, ko da yake aiwatarwa ita ce matsala. A 2012 aka kafa ƙa'idojin cinikin kamfani da rassansa, aka sabunta su a 2018, waɗanda suka ce dole farashin ya yi daidai da wanda baƙi biyu za su yi ciniki a kai. Dokar kuɗi ta 2019 ta taƙaita kuɗin ruwan da ake cirewa a kan bashin da aka ci daga ɗan'uwan kamfani na waje. A watan Oktoban 2021, lokacin da ƙasashe 136 suka amince da yarjejeniyar da ta haɗa da mafi ƙarancin harajin kashi 15 cikin ɗari a kan manyan kamfanonin duniya, Najeriya tana cikin ƙasashe huɗu da suka ƙi sa hannu, tare da Kenya da Pakistan da Siri Lanka, saboda tana ganin rabon bai yi wa ƙasashe masu tasowa adalci ba. A watan Nuwamban 2023 kuma Najeriya ce ta gabatar da ƙuduri a madadin ƙasashen Afirka cewa a mayar da tsara dokokin harajin duniya ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashe 125 suka goyi baya, 48 suka ƙi.

A cikin gida, ranar 26 ga Yuni, 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji huɗu, waɗanda aka tsara manyan tanade-tanadensu su fara aiki daga 1 ga Janairu, 2026. A cikinsu an yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum yake samu a shekara, an ɗauke wa ƙananan kamfanoni harajin riba, an kuma ce manyan kamfanoni, musamman rassan na ƙasa da ƙasa, idan abin da suka biya bai kai kashi 15 cikin ɗari na ribarsu ba sai sun cika. A ganina wannan tanadi na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci ga maganarmu, amma ƙarfinsa ya dogara ne a kan ko hukumar tara haraji tana da ƙwararrun da za su iya zama da akantocin waɗannan kamfanoni su bi lissafi har tushe, da kuma ko za a bar su su yi aikinsu idan lissafin ya kai kan mai uwa a gindin murhu.

Ko an karɓo kuɗin, ai sacewa za a yi. Me ya dame mu?

Ba zan ce wannan tsoro ba shi da dalili ba. Mun ga kason ƙananan hukumomi ya ƙaru a lissafin naira bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, amma a ƙauyuka da yawa ba a ga alamarsa a aji ko a asibiti ba. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, domin an daɗe ana kukan cewa yana maƙalewa a jihohi. Amma ɓarna biyu ce, ɗaya ba ta wanke ɗaya. Kuɗin da ya shiga asusu aka sace yana da adadi a rubuce, ana iya tambayar shugaban ƙaramar hukuma ina ya shiga. Wanda bai shigo ba tun farko ba shi da wanda za a tambaya. Kuma duk lokacin da giɓi ya samu, gwamnati bashi take ci ko ta ƙara haraji a kan abin da ya fi sauƙin kamawa, wato abin da kuke saya.

To mu ma mu daina biyan na kasuwa ke nan?

Ban ba da wannan shawara ba, domin wanda zai sha wahalarta shi ne mai rumfar da za a kulle. Abin da nake gaya wa ƙungiyoyinmu shi ne kada a ba da ko sisi ba tare da rasit mai sunan hukuma da lamba ba, kuma a ajiye rasit ɗin. Tun 1998 doka ta hana kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji, saboda haka ƙungiyar fatake ko ta direbobi tana da hujjar rubuta ƙorafi, kuma sababbin dokokin sun kafa ofishin sauraren koken masu biyan haraji. Kason da kowace ƙaramar hukuma ta samu ana wallafa shi duk wata, duk wanda yake da waya mai intanet zai iya nemo shi ya karanta wa jama'a a taro. Idan ɗan majalisar tarayya ya zo gida, a tambaye shi a gaban mutane waɗanne kamfanoni aka yi wa rangwamen haraji a bana, nawa ne kuɗin, kuma wa ya duba ko sun cika alƙawarin da suka ɗauka. A wata ƙungiyar masu sayar da dabbobi da nake riƙe wa lissafi, mun sayi littafi mun ba sakatare, duk ranar kasuwa yana rubuta abin da aka karɓa a hannun kowane memba, mai rasit a shafin dama, marar rasit a shafin hagu, kuma da wannan littafi za mu je sakatariya a ƙarshen shekara.